Goji: da gaske daga Himalaya yake, kuma yana maganin abin da ake faɗa?

Maman Sadiq:

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu sani ku taimaka mini da bayani a kan 'ya'yan itacen nan da ake kira goji. Matar yayana ce ta shiga harkar sayar da kayansa. Akwai na kwalba da ake sha, akwai kafso, akwai kuma busassun 'ya'yan a leda, jajaye ƙanana, sun yi kama da zabibi sai dai sun ɗan fi shi tsawo. Ta kawo wa Hajiyarmu kwalba ɗaya da leda ɗaya, ta ce ta riƙa sha safe da yamma. Takardar da ke tare da kwalbar ta ce daga tsaunukan Himalaya ake tsinko shi, yana gyara ido, yana sauke suga da hawan jini, yana hana ciwon daji (kansa), ya ninka lemo sau 500 a bitamin C, har da labarin wani mutumin ƙasar Sin da ya yi shekara 256 a duniya saboda cinsa.

Hajiya tana da ciwon suga, idonta na dama ya fara hazo, kuma tana kan wafarin, maganin tsinka jini, tun lokacin da aka gano gudan jini a jijiyar ƙafarta. Ni dai na karɓe kayan na ajiye, na ce a dakata tukuna. Matar yayana ta ji haushi, gani take raina mata sana'a na yi, kuma wallahi da zuciya ɗaya ta kawo, ita ma sha take yi. Ina so in san daga ina abin nan ya fito, me ke cikinsa na gaskiya, kuma ko Hajiya za ta iya sha.

Mai Haɗa Magunguna:

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Kin yi daidai da kika ajiye. Tambayarki ta ƙarshe zan fara amsawa domin ita ce mai gaggawa: kada Hajiya ta sha ruwan, kada ta ci busasshen, kada a dafa mata shayinsa, muddin tana kan wafarin.

Tun 2001 likitoci suka fara rubuta rahoton mutanen da ke shan wafarin, jininsu yana daidai, suka fara shan shayin goji ko ruwansa, sai gwajin INR ɗinsu, mai auna saurin daskarewar jini, ya haura, wato jinin ya tsinke fiye da yadda ake so. Wasu har da haɓo da zubar jini. A 2013 hukumar kula da magunguna ta Jamus ta fitar da gargaɗi a kan haɗa goji da wannan jinsin magani. Wafarin magani ne mai tsukakken ma'auni, in ya yi kaɗan jini ya daskare, in ƙarfinsa ya ɗan yi yawa jini ya tsinke. Idan har ta riga ta ɗanɗana kafin ki karɓe, ku sa ido a kan dasashi mai jini, haɓo, taruwar jini a ƙarƙashin fata ba tare da buguwa ba, ko baƙin bayan gida, kuma ku gaya wa likitanta ya duba INR.

Hazon ido kuma ga mai ciwon suga, asibitin ido za a kai ta a ɗiga mata magani a leƙa bayan idon. Zai iya zama yanar ido, zai iya zama suga ne ya taɓa ƙananan jijiyoyin jinin da ke ciki, kuma dukansu ana iya yin wani abu a kai in an zo da wuri.

Ɗalibin Noma:

Anti Maman Sadiq, Allah ya ba Hajiya lafiya. Maganar magani na bar wa masu ita. Ni batun asalinsa zan yi, domin a Yinchuan na yi karatun noma, babban birnin yankin Ningxia a arewa maso yammacin Sin, kuma an kai mu gonakin goji a gundumar Zhongning lokacin tsinka.

Zhongning ita ce cibiyar goji da Sinawa kansu suka fi yarda da ita. Wuri ne busasshe a gefen Rawayen Kogi, ban ruwa ake yi, ƙasar tana da gishiri-gishiri, rana tana da zafi, dare kuma yana da sanyi. Tsakaninta da Himalaya akwai fiye da kilomita 1,000. Ana noma shi da yawa kuma a Gansu da Xinjiang da Mongoliya ta Gida da Qinghai. Na Qinghai, wanda ake nomawa a kwarin Qaidam, shi ne ke kan tudu sosai, a arewacin tudun Tibet, amma shi ma gona ce da aka shuka a layi, da bututun ban ruwa da taki da feshi. Babu wani kwari ɓoyayye da sufaye ke tsinko shi, kamar yadda ake faɗa a wasu tallace-tallace. Kusan duk gojin da ke yawo a kasuwannin duniya daga irin waɗannan gonaki na Sin ya fito, ko me aka rubuta a jikin leda.

Itacen ɗan gajere ne mai ƙaya, rassansa suna sunkuyowa, furensa ruwan shuni-shuni. Masana tsirrai suna kiransa Lycium barbarum, yana da ɗan uwa Lycium chinense, kuma danginsu ɗaya da tumatir da barkono. 'Ya'yan ba sa nuna lokaci guda, saboda haka daga watan Yuni har kaka ana ta komawa kan itace ɗaya ana tsinka. Da hannu ake yi, ɗaya bayan ɗaya. Yawancin masu tsinkar da na gani mata ne, da ɗankwali da malafa a kai, da bokiti a gefe, yatsunsu duk sun yi ja, ana biyansu gwargwadon nauyin abin da suka tsinka. Na faɗi wannan ne saboda na taɓa ganin talla tana cewa hannun ɗan Adam ba ya taɓa shi, girgiza itacen ake yi ya zubo a tabarma. Ɗanyen yana da laushi ƙwarai, in ka matsa kaɗan ya fashe, yana da zaƙi da ɗan ɗaci a ƙarshe, kuma ba ya jure ajiya. Shi ya sa ake busar da shi, a shanya a faifan katako ko a sa a na'urar busarwa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda mutanen wurin suka ɗauke shi. Kayan kicin ne. Ana jefa ɗan kaɗan a romon kaza, a kunun shinkafa, a ruwan zafi tare da furen da suke shayi da shi. Musulmin ƙabilar Hui, waɗanda suke da yawa a Ningxia, suna da wani shayi mai haɗi takwas da suke ba baƙo a kofi mai murfi: ganyen shayi, goji, busasshiyar magaryar Sin, riɗi, zabibi, dunƙulen sukari da sauransu. Malamanmu masu matsakaicin shekaru kusan kowa yana yawo da filas, 'ya'yan goji kamar goma suna iyo a ciki. Ban taɓa jin wani daga cikinsu ya ce yana maganin ciwon daji ba. Cewa suke yana da kyau ga ido da hanta da ƙoda, a irin fahimtar likitancinsu na gargajiya.

Tarihinsa a can ba ƙarya ba ne. Yana cikin tsofaffin littattafan magungunansu, kuma Li Shizhen ya yi bayaninsa a babban kundinsa Bencao Gangmu, wanda ya kammala a 1578 aka buga a 1596. Kundin magunguna na hukuma a Sin har yau yana lissafa shi, da ma'aunin giram 6 zuwa 12 a rana. Ki duba wannan ma'auni da kyau, Anti, ɗan abin da bai cika tafin hannu ba ne.

Himalaya da shekara 256 kuwa daga Amurka suka shigo tallar. A 2003 wani marubucin littattafan bitamin mai suna Earl Mindell ya fitar da ɗan littafi yana kiran goji sirrin lafiya na Himalaya, kuma yana tare da kamfanin FreeLife da ke sayar da ruwan goji ta irin kasuwancin nan da kowa ke jawo wasu a ƙarƙashinsa yana cin kamasho. Mutumin da ake cewa ya yi shekara 256 sunansa Li Ching-Yuen, ya rasu a 1933, jaridu sun ɗauki labarin a lokacin, amma babu wata shaida da ta tabbatar da shekarun. Mafi tsawon rai da aka tabbatar da takardu a duniya shekara 122 ne, wata Bafaranshiya, Jeanne Calment, da ta rasu a 1997. A Janairun 2007 gidan talabijin na CBC a Kanada ya binciki tallar. Mindell ya ce cibiyar kansa ta Memorial Sloan Kettering da ke New York ta yi binciken da ya nuna goji yana hana kashi 75 cikin 100 na kansar mama, aka bi diddigi aka tarar babu wannan binciken. Kafin nan ma, a 2006, hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta aika wa wasu masu sayar da ruwan goji wasiƙar gargaɗi saboda suna tallarsa a matsayin maganin cututtuka. Takardar da kika karanto mana, kusan jimla bayan jimla, maganganun wancan lokacin ne ake ta kwafa har yau.

Alhaji Mai Nazari:

Salamu alaikum. Na karanta bayanan yaran nan, Allah ya yi musu albarka, amma ina da ja. Ni na daɗe ina jiƙa busasshen ina sha da safe, kuma ina jin daɗin jikina, barcina ya gyaru, ba na yawan kasala. Ba wanda ya sayar mini da labari, ɗana ne ya kawo mini tsaraba. Mutanen Sin sun yi ɗaruruwan shekaru suna amfani da abu, ba za a ce duk a banza suke yi ba. Kuma mun san halin masu maganin asibiti, duk abin da bai fito daga kamfaninsu ba sai su ce babu hujja. Na yarda kada mai wafarin ta sha. Amma kada a tsoratar da sauran mutane daga abin da Allah ya halitta mai amfani.

Mai Haɗa Magunguna:

Ranka ya daɗe Alhaji, Allah ya ƙara lafiya. Ba mu ce a banza yake ba. In ba ka shan maganin tsinka jini kuma ba ya tayar maka da borin jini, ci gaba da shan abinka. Abinci ne mai kyau. Giram 100 na busasshen yana da furotin wajen giram 14, da harza mai gyara ciki wajen giram 13, da sinadarin ƙarfe mai ɗan dama. Inda muke ja shi ne a ce yana warkar da cuta.

Bari in ware abin da ke da ƙafa daga abin da ba shi da ita.

Maganar ido ita ce ta fi tushe. A tsakiyar tantanin bayan ido akwai wani ɗigo mai ruwan ɗorawa, da shi muke karatu da gane fuska. Launin nan nasa daga sinadarai biyu yake da muke samu a abinci, lutin da ziyazantin, kuma goji yana cikin abincin da suka fi kowanne yawan ziyazantin. A 2021 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka gwada mutum 27 masu shekara 45 zuwa 65. Wasunsu sun ci giram 28 na busasshen goji sau biyar a mako har kwana 90, aka ga launin ɗigon nan ya ƙaru a idonsu. Sakamako ne mai ban sha'awa, ni kaina na ji daɗin karanta shi. Amma mutanen kaɗan ne, dukansu masu lafiyar ido ne, kuma launi aka auna, ba a nuna wani ya daina ganin hazo ko ya tsira daga makanta ba. Bai shafi yanar ido ba, bai shafi ɓarnar da suga ke yi wa ido ba.

Suga da ciwon daji da garkuwar jiki kuwa, yawancin abin da ake kafa hujja da shi an yi shi ne a kan ɓeraye ko a kan ƙwayoyin halitta a ɗakin gwaje-gwaje, da wani sinadari da aka tace daga goji aka ba da shi da yawa. Abubuwa da dama suna kashe ƙwayar kansa a cikin faranti su kasa yin komai a jikin mutum. Gwaje-gwajen da aka yi a kan mutane ƙanana ne kuma gajeru. Wanda masu sayar da ruwan suka fi ambato an buga shi a 2008: kwana 14 kacal aka yi, an tambayi mutane ne yadda suke jin ƙarfin jikinsu da barcinsu, kuma jagoran binciken ma'aikacin kamfanin da ke sayar da ruwan ne.

Sau 500 a bitamin C ƙarya ce tsagwaronta. Giram 100 na busasshen goji yana da bitamin C wajen miligiram 48, lemon zaƙi kuma wajen 53. Haka ma lambobin nan da ake bugawa a jikin kwalba na ƙarfin antiyoksidan, wato sinadaran da ake cewa suna kare ƙwayoyin jiki daga lalacewa. Ma'aikatar noma ta Amurka ce ta riƙa wallafa jadawalinsu, ita da kanta ta janye shi a 2012, ta ce awon da aka yi a kwalbar gwaji bai nuna abin da ke faruwa a jikin mutum ba, kuma 'yan kasuwa suna amfani da shi ba bisa ƙa'ida ba.

Ga mai ciwon suga kuma akwai abin da takardar ba za ta faɗa ba: kusan rabin nauyin busasshen goji sukari ne, wajen giram 45 a cikin 100. Na kwalba sau da yawa an gauraya shi da ruwan inabi ko tuffa don ya yi daɗi. Maman Sadiq, juya kwalbar ki karanta jerin abin da ke ciki.

Alhaji, jin daɗin da kake yi ban musa ba. Abin da na fi tsoro a wurin aiki shi ne mutumin da ya ji sauƙi ya ajiye maganin suga ko na hawan jini saboda an ce masa kwalba ta wadatar. Irinsu muke gani sun dawo da ƙafa ta rube ko ɓarin jiki ya shanye.

Maman Sadiq:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na juya kwalbar, ruwan inabi da na tuffa suna ciki kamar yadda kika ce, kuma an rubuta da ƙananan haruffa cewa ba a yi shi don magance wata cuta ba. Hajiya ba ta sha ko kaɗan ba, alhamdu lillahi, kuma za mu kai ta a duba idon. Zan nuna wa matar yayana bayanan nan cikin lalama, domin akwai tsofaffi a cikin masu saye a hannunta kuma ban san ko tana tambayarsu magungunan da suke sha ba. Saura ledar busassun. Ni ba na shan wani magani, zan iya ci? Kuma ta yaya ake gane mai kyau?

Ɗalibin Noma:

Za ki iya ci, Anti, in ba ki da juna biyu kuma tumatir ko makamantansa ba sa tayar miki da ƙaiƙayi ko kumburin leɓe. An samu masu irin wannan matsalar da goji ya tayar musu. Ki fara da kaɗan.

Wajen gane mai kyau, kada ja ya ruɗe ki. Wanda aka busar yadda ya kamata jansa yana da duhu-duhu, launin bai zama ɗaya a duka ledar ba, kuma a gindin kowane ɗa, inda aka cire shi daga reshe, za ki ga ɗan fari. Wanda ya yi ja wur yana ƙyalli, kowane ɗa kamar an rina, a yi hattara da shi. Wasu masu busarwa suna turara shi da farar wuta ko su jiƙa shi da wani sinadari danginta don ya yi kyau a ido kuma kada ƙwari su ci. Wannan ba jita-jita ba ce. A Satumban 2024 gidan talabijin na gwamnatin Sin, CCTV, ya nuna yadda ake yin haka a Golmud da ke Qinghai da gundumar Jingyuan da ke Gansu, har hukumomin wuraren suka buɗe bincike. Manoman da aka yi hira da su sun ce mai sinadarin ya fi tsada a hannun dillalai saboda kyawun launi. Abin ya yi mini ciwo, domin na ga irin wahalar da masu yi da gaskiya suke sha. Ki ɗebi kaɗan ki dumtse a hannu ya ɗan yi ɗumi, ki shinshina. In kika ji wari mai hawa hanci, ko kika tauna kika ji tsami da bauri, ki zubar. Masu asma su suka fi shiga haɗari da irin wannan. Akwai kuma batun ragowar maganin feshi, wanda ya sa hukumomin Amurka da Turai suka sha tsare wasu kayan a kan iyaka. Wannan ba a gane shi da ido, abin da mutum zai iya yi shi ne ya sayi wanda aka rubuta ƙasar da ya fito da sunan wanda ya shirya shi da ranar lalacewa, ya kuma ɗauraye kafin ya ci.

Za ki iya cin karo da wani baƙi da ake kira baƙin goji. Wani jinsi ne daban, Lycium ruthenicum, yana fitowa a busassun wurare irin su Qinghai da Xinjiang. In aka jefa shi a ruwa sai ruwan ya koma shuɗi ko ruwan shuni-shuni mai duhu gwargwadon irin ruwan, kuma masu talla suna nuna wannan kamar wani abin al'ajabi. Launin halitta ne irin wanda ke cikin baƙin inabi, yana sauyawa da tsamin ruwa.

Tsakanin kafso da ruwan kwalba da busasshen, ni busasshen zan zaɓa, domin shi ne kike ganin abin da kike ci, kuma shi ne aka yi gwajin idon da shi. Ziyazantin yana bin mai ne kafin jiki ya tsotse shi, saboda haka in kin jiƙa a ruwan zafi kada ki sha ruwan ki zubar da 'ya'yan, ki cinye su, zai fi kyau ma tare da abinci mai ɗan maiƙo ko madara. In kin buɗe ledar ki juye a kwalba mai murfi ki sa a firji, domin yana jan danshi, ya manne, ya yi baƙi.